Takabar Labiba Mai Waina

Duk wanda ya zauna Zangon Kwatano a shekarun nan ya san Labiba mai waina, wadda ta yi takabar shekara uku cur. Kada ka ce na ƙara gishiri, wallahi har da watanni a kai.

Mijinta Kamaru direban tirela ne, Kwatano zuwa Yamai. Shekara tara suna tare, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ya rasu a hanyar Paraku shekarar da aka yi babban taron ƙasa, jama'a na manne da rediyo, ita tana karɓar gaisuwa. Kafin sadakar arba'in sai mararta ta fara tasowa. Gwaggonta mai suna Mamata ta danna, ta ji tauri, ta ce ciki ne, ko tantama babu. Labiba ta yi kukan murna, Kamaru dai ya bar mata baya.

To mai ciki ba ta fita takaba sai ta sauka. Ta janye tandarta daga bakin masallaci zuwa zaure, ba kwalli, ba lalle, ba ɗan kunne.

Wata tara ya wuce, shiru kake ji. Ga jini kuma, in ya ɓalle sai ya yi kwana goma. Gwaggo ta ce ai jinin ne ya kwantar da cikin, yaro barci yake yi. Malamin unguwa ya ce a littafi ciki kan kwanta har shekara huɗu. Aka shiga tayar da shi, rubutu yau, sassaƙe gobe, hayaƙi jibi. Matan da ke sayen waina kuwa kowace likita ce. Wannan ta ce jifa ne, waccan ta rantse a Jugu an haifi na shekara biyar har da haƙora. Labiba ta rasa na kamawa. Wata rana ta ji motsi ta ɗinka 'yar riga, washegari ta ce anya ba waken da ta ci ba ne? Ta rame, idonta ya yi fari fat, ciki kuwa sai gaba yake.

A shekara ta uku, ran wata Laraba da hantsi jiri ya kwashe ta a gaban tanda, saura ƙiris mai ya ƙone ta. Maƙwabciyarta Assétou, ungozoma ce a asibiti, ta daɗe tana cizon yatsa. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta tare zemijan, wato ɗan acaɓa, ta ɗora ta sai asibiti.

Likita ta shafa mata wani abu mai sanyi a mara, ta yi ta goga na'urar hoto, tana Faransanci Assétou na fassarawa. Wai sunansa fibrom, tsiro ne na naman mahaifa, ba ciwon daji ba ne, kuma mata da yawa suna da shi ba su sani ba. Ƙarami akan bar shi, amma nata ya girma, shi ke zubar mata da jini, sai an yi aiki an cire a bar mahaifar. Labiba ta gyaɗa kai kamar ta gane, sannan ta ce, "To in an cire, yaron zai tashi?"

Assétou ta riƙe hannunta. "Yaya, babu kowa a ciki."

Gwaggo ta tada ƙayar baya, wai za a yanka ɗan marigayi yana barci. Labiba ta yi mako guda kanta a ɗaure, safe ta yarda da likita, azahar ta koma wa Gwaggo. Da jinin ya sake ɓallewa sai ta amince, da sharaɗin a nuna mata abin da aka ciro.

Aka kuwa kawo mata a tasa, dunƙule uku, babban kamar kan doya. Ta sa aka juya mata su ɗaya bayan ɗaya, tana neman ko ɗan yatsa. Babu.

Ran da aka sallame ta Gwaggo ta zo da kwalli da ƙullin lalle, jiki a sanyaye. Ta ce malam ya ce takaba ta ƙare tun wata huɗu da kwana goma, ta tashi ta yi wanka ta yi ado. Labiba ta dubi kwallin, ta dubi 'yar rigar da ke kan akwati.

"Gwaggo, ajiye tukuna. Ni yau Kamaru ya mutu."

Sai da ta ƙirga wata huɗu da kwana goma da kanta, sannan ta mayar da tanda bakin masallaci.