Yawon Tukunya da Baba Babba

Abubuwa da yawa na zamanmu a Makera sun shige mini, amma ranar da aka zo gaisuwar auren yayata ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina acaɓa, waya ba ta shiga hannun kowa ba tukuna. Mahaifinmu ya rasu, sai yayansa, wanda muke kira Baba Babba, ya zama uban gida.

Baba Babba tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Tun da aka rufe masaƙar ya koma zaman gida, bakinsa ya ƙara kaifi. Shi ya kori manemin yayata na farko. A gaban kowa ya tambayi dangin yaron ko a ƙauyensu an san takalmi, suka tashi ko ruwa ba su sha ba. Yayata ta yi kuka har ta rame. To ga wani ya fito, bakanike ɗan ƙabilar Ibo mai gareji a Kakuri, yaro mai natsuwa, kuma tana son sa kamar me. Mama ta ce wannan karon ba za ta zuba ido a sake watsa mata auren 'ya ba.

Ita da ƙawayenta na zumuntar mata suka ƙulla abin. Baƙi za su zo da rana, amma aka gaya wa Baba sai yamma. Kawunmu zai karɓe su, ni kuma aikina in ɗauke tsohon, kada in dawo da shi sai an watse.

Da hantsi Mama ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, babbar tukunyar biki tana Barnawa, matar da take hannunta kuma ta ce ba za ta ba yaro ba, sai babba ya je da kansa." Ya yi tsaki, ya ce mata ba su iya shirya komai ba sai da shi. Amma na ga yadda ya yi saurin ɗauko hularsa.

A Barnawa matar ta ba shi kujera, ta kawo kunu mai zafi, ta ja shi da hirar zamanin masaƙa, lokacin da in aka tashi aiki kekuna ke cika titin Kakuri. Sai da ya shanye kunun tas ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Baba, ai jiya aka kai tukunyar Unguwar Boro!" Muka kama hanya. Ta Unguwar Boro ta fi ta iya wasan. Ta shiga ɗaki ta yi ta buruntu, can ta fito da murfi kawai, ta ce tukunyar tana Sabon Tasha. Har yau in na tuna Baba a bayan mashin, rungume da ƙaton murfi yana faɗa da iska, sai in yi ta dariya ni kaɗai.

Da na ga rana ba ta yi sanyi ba, sai na faki idonsa na rufe mai. Mashin ya yi tari ya mutu. Na tura shi gindin wani mangwaro, na hau kwance fulogi ina hurawa kamar gaske. Baba ya sayi gasasshiyar masara ya raba mana. A nan ya ba ni labarin yadda shi da mahaifina suka zo Kaduna daga ƙauye a bayan motar doya, da wando ɗaya na fita da suke karɓa-karɓa. Sannan ya ce, "Ka san tun da masaƙa ta rufe ba mai nemana? Yau dai an tuna ina da amfani." Jikina ya yi sanyi.

Da yamma lis muka shigo layinmu, na hango motocin baƙi suna nan a ƙofar gida. A tsakar gida Mama na tsaye kamar za ta fashe da kuka, abinci ya huce, ga goro a faranti ba a taɓa ba, ga jarkar bammi ba a buɗe ba. Wani dattijo mai jar hula, baffan yaron, ya miƙe ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Tun rana muna nan. A wurinmu ba a fasa goro, ba a buɗe maganar aure, sai babban gida yana zaune. Kawu ya roƙe mu mu fara, mun ce ko gobe ne za mu jira ka." Mu da muka yi ta ƙulle-ƙulle, ba wanda ya tuna ya tambayi al'adar mutanen.

Baba ya dubi Mama, ya dube ni, na san ya gane komai. Na ce yau mun shiga uku. Sai ya miƙo mini murfin, ya zauna, ya karɓi farantin goron, ya yi addu'a. Ya kira yayata ya ce, "Kina son sa?" Ta ce, "Ina son sa, Baba." Ya juya ga baƙin ya ce, "Na ba ku. Ku riƙe mini ita da kyau, marainiya ce amma tana da uba." Ko kalma ɗaya mai ɗaci ba ta fito daga bakinsa ba. Bayan an watse ne ya ce wa Mama, "Gobe in kina so in yi shiru, ki ba ni kujerata, ba sai kin ɗora ni a mashin ba."

Baba Babba ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan yayata har sun gama makaranta, ni kuma ina kewarsa ƙwarai, har faɗan nasa. Abin da na koya a ranar shi ne, sau da yawa tsohon da muke gudun bakinsa ba fitina yake nema ba, so yake a nuna masa har yanzu ana bukatarsa.