Begilar Ɗana a Bakina

A farkon shekarun alif ɗari tara da sittin muna haya a wani gida mai ɗakuna da yawa a unguwar Maamobi. Ina sayar da koko da ƙosai a bakin hanya, maigidana kuma yana ɗinki kusa da Kasuwar Malam Atta. Wata rana babban ɗana ya dawo daga makaranta da begila naɗe cikin tsumma. Malaminsu ya sa shi cikin masu busa a faretin 'yan makaranta, ya ce ya riƙa gwadawa a gida kullum.

Na fi shi murna. Kafin la'asar duk wanda ya zo wucewa ta layinmu ya ji cewa ɗana zai yi busa a gaban manya. Shi kuwa ya rataye begilar a ƙusa ya fice wasa.

Babu dabarar da ban yi ba. Na yi masa alkawarin ƙarin ƙosai, ya cinye, ya busa sau ɗaya ya ce ya gama. Na kai ƙara wurin ubansa, sai na lura shi ma shirun ya fi masa daɗi. Ya ce, "Ki bar yaro ya huta, mu ma mu huta."

Wata yamma na tsare yaron a tsakar gida, mata suna wanki, ƙanwarsa tana zaune a kan turmi.

Ya ce, "Mma, leɓena ciwo yake yi. Ke ba ki san wuyar abin ba."

Na ce, "Wuyar me? Ni da nake hura wuta tun ba a haife ka ba? Miƙo nan."

Na cika kumatu na busa. Iska ce kawai ta fita. Na sake, idanuna har da ƙwalla. Da abin ya tashi yin ƙara, sai ya yi irin ƙarar da babu macen kirki da za ta so a ce daga wajenta ta fito. Mai gidan hayarmu, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ga, ta leƙo ta taga tana tambayar ko lafiya. Masu wanki suka kifa kai cikin baho suna dariya.

Da yaron ya gama tasa dariyar, ya karɓa. "Ba haka ake yi ba, Mma. Kada ki kumbura kumatu. Matse leɓe kamar za ki tofar da ƙayar kifi." Ya busa, sauti ya fito garau, doguwar busar da ban taɓa jin ya yi ba.

Washegari na ce ya sake nuna mini. Na gaya wa matan gidan cewa dabara ce, in yana koya mini ai shi ma yana koyo. Dabarar ta yi aiki kuwa. Sai dai ni abin da ke raina daban ne, na ƙudura wannan guntun ƙarfe ba zai kunyata ni a gaban masu wanki ya tafi a banza ba.

Yaron ya zama malami mai tsanani. Yana ajiye jaka zai ce, "Mma, yau kin gwada?" In na ce aiki ya yi mini yawa, sai ya girgiza kai ya ce kowa ma haka yake cewa. Ƙanwarsa ce alƙali, kuma ba ta taɓa ba ni gaskiya ba.

Rannan maigidana ya dawo da wuri, ya same ni a ɗaki, fuska ta yi jawur, begila a baki.

Ya ce, "Wannan kuma fa?"

Na ce, "Yaro nake ƙarfafa wa gwiwa."

Ya duba dama, ya duba hagu. "To ina yaron?"

Yaron kuwa tuni na aike shi famfo ɗebo ruwa.

Ranar fareti na ci ado na tsaya cikin rana. Yaran duk kayansu iri ɗaya, na yi ta ɗaga wa wani yaro hannu har suka wuce, ashe ɗan wasu ne. Nawa yana can ɗaya gefen, an ce ya yi busa mai kyau.

Da ya mayar da begilar, malamin ya tambaye shi ko mutanen gida sun jure. Yaron ya ce, "Mma ma tana koyo, amma ba ta mai da hankali." Malamin nan kuwa a wurina yake sayen koko. Daga ranar, duk safiya in ya miƙo kwano, sai ya gaishe ni cikin ladabi, ya tambayi mutanen gida, sannan ya sassauta murya ya ce, "Mma, yaya leɓe?"