Marainiyar Aji Uku

Na fara koyarwa ne a shekarun da gwamnati take ta kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja. Ina zaune a Nyanya, bayan garin Abuja, wurin yayata, wadda mijinta yana cikin ma'aikatan da aka tattaro tare da teburansu. Makarantarmu ta firamare sabuwa ce, ko warin fenti bai gama fita ba, kuma kusan kowace Litinin sai na tarar da baƙuwar fuska a ajina. Wannan ya zo da Yarabanci, waccan da Turancin Legas, ga 'ya'yan Gwari da muka tarar, ga na 'yan kasuwarmu na Kano da Katsina da suka biyo gine-gine suna buɗe shaguna.

Ni kuwa abin da na zo da shi daga Zariya shi ne takardar shaidar malanta da kwali guda na littattafan soyayya. Na karanta su har na daina ganin mutane yadda Allah ya yi su. Ko kwandasta ne ya ce in matsa ciki, sai in ji kamar akwai wata magana da ya kasa faɗa. Yayata takan ce, "Ke dai wata rana a kwata za a tsamo ki, kina tafe kina murmushi ke kaɗai."

Shugabar makarantarmu, wadda muke kira Madam, Bayarabiya ce da ta zo da tsarinta daga Legas. Kowace Juma'a kafin a tashi, yara za su riƙa fitowa gaban aji suna nuna abin da suka koya a makon, mai karatu ya yi karatu, mai lissafi ya hau allo. Ƙarshen zango kuma akwai ranar iyaye, kowa ya zo ya zauna da malamin ɗansa. A karon farko masu kuɗin unguwar Maitama direbobi suka aiko, aka wuni ana yi wa direbobi bayanin rauni a lissafi suna duban agogo. Daga nan Madam ta kafa doka. "Ba direba, ba maigadi. Baba ko mama ya zo da kansa."

A ajina, aji uku, akwai wata yarinya 'yar Katsina mai wushirya, wadda in ta tashi karatu ranar Juma'a har masu surutun baya sukan yi shiru. Wani mutum ne yake zuwa ɗaukarta a kan Vespa. Dogo ne, ba ya rabo da farin kaftani, kuma ranar Juma'a yakan zo da wuri saboda masallaci, ya tsaya a bakin taga. Abin da na lura shi ne, da zarar yarinyar ta fara karatu sai ya juya mana baya yana kallon ginin da ake yi a tsallaken titi. Ban taɓa jin ya kira sunanta ba, sai dai "Ke, hau mu tafi." Ita kuma Yaya take ce masa.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Malam, yarinyar nan fa akwai ƙwaƙwalwa."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, 'yar gidanmu ce. Ana dai fama."

Kafin motarmu ta kai Nyanya ran nan na gama haɗa labarin. Iyayensu sun rasu a hatsarin mota. Shi ne babba, ya bar karatu ya buɗe shago don ya riƙe ƙanwarsa, ya ƙi aure don kada wata ta wulaƙanta ta. Yana juya baya ne saboda muryarta irin ta mahaifiyarsu ce. Abu ɗaya ya rage wa gidan nan, mace mai tausayi, in son samu ne mai takardar malanta. Ban tambayi yarinyar komai ba, don a littattafaina ba a fama wa maraya ciwo. Ko sunansa ban nema ba, na bari sai ranar da zai faɗa mini da bakinsa.

Daga nan kowace Juma'a a kusa da taga nake tsayar da ita ta yi karatu. Ni ma a nan nake tsayawa, wai ina gyara mata riƙon littafi.

Ranar iyaye ita ce damata, don ranar ce kaɗai dole ya zauna a gabana mu yi maganar da ta wuce gaisuwa. Dokar Madam ce matsalar. Na same ta a ofis na yi mata bayanin marainiyata.

Madam ta dafe ƙirji ta ce, "Eyya! Bari yayansa ya zo, ba komai."

Na sa lalle, na ari gyalen yayata mai ruwan hoda, na haddace jawabina a gaban madubi.

Ya zo kuwa, amma ba shi kaɗai ba. Wata mace ce a bayansa da goyo, ba ta girme ni da yawa ba. Gabana ya faɗi, amma nan take na gyara labarin: ƙanwarsa ce da ta yi aure. Suka zauna a bencin yara, gwiwoyinsa har ƙirji, yarinyar ta tsaya a gefe. Na baje aikinta na zangon, na yi ta yabo. Shi yana kallon takalminsa, ita kuma matar ta kafa wa hoton sassan jikin kifi da ke bango ido kamar a kansa za a yi mata jarrabawa. Na ce a raina, baƙin ciki ne ya hana su magana. Sai na sauke murya na shiga jawabi.

"Malam, riƙon maraya ba ƙaramin abu ba ne. Na ga ɗawainiyar da kake yi kai kaɗai, Allah ya saka maka. Iyayenta kuma Allah ya jiƙansu, ya sa Aljanna ce makomarsu."

Ya buɗe baki ya ce, "Ami…" sai ya tsaya.

Matar ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Na zaro hankicina mai turare na miƙa mata. Sai da ta ɗago na ga ashe dariya ce take neman shaƙe ta.

Ya ce, "Malama, su wa suka rasu?"

"Iyayen yarinyar."

Ya ture hula ya sosa ƙeya. "Ai kuwa suna nan da ransu."

"Suna ina?"

Ya dubi matar, matar ta koma kan kifinta. Yarinyar ce ta gaji da mu ta ce, "Malama, ai Yaya shi ne babana. Anti kuma ita ta haife ni."

"Ke, fita waje!" in ji matar, ba tare da ta dube ta ba.

'Yar fari ce. Kunyarta suke ji, ba sa kiran sunanta, ba sa nuna sun ji daɗi in an yabe ta, ko a ce tasu ce ba sa iya faɗa a gaban mutane. Ta tashi a cikin ƙannen ubanta, ta ji suna cewa Yaya da Anti, ita ma ta bi. Kuma ni ce ban gane ba, ni da nake cin tuwo kwano ɗaya da yayata, wadda har yau innarmu ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "waccan ta Abuja."

Ina neman inda zan sa fuskata sai ga Madam tana zagayen azuzuwa. Ta tsaya a kansa ta ce, "Kai ne yayan marainiya? Sannu, sannu! Allah zai biya ka."

Ya ce, "Na gode, Madam."

Da suka tashi tafiya ya riga ta fita. Matar ta tsaya tana gyara goyo, ta ajiye mini hankicina a kan tebur. Ba ta kalli takardun ba, ta dai yi ƙasa da murya.

"Malama, da gaske waccan ɗin tana ganewa?"

Na ce, "Duk ajin babu kamarta."

Ta ɗaure zanen goyon da kyau, ta ce, "To. Kada ki ce na tambaya."

Yayata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa da na ba ta labari, ta karɓe gyalenta tun ban gama ba.

Da aka dawo hutu, Juma'ar farko, ga Vespa, ga farin kaftani a bakin taga. Na tsayar da yarinyar a inda ta saba, na ce ta ɗaga murya sosai, don yanzu na san mai juya bayan nan ba gini yake kallo ba. Ni kuwa na koma can jikin allo na tsaya. Da aka tashi ya leƙo ta taga, fuskarsa ba alamar wasa.

"Malama, an dawo lafiya? Mamatan suna gaishe ki."