Ban Ba Ku Sunan Malam Ba

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Ishaya, wanda ya koyar da ƙwallon ƙafa a sakandaren maza ta garinmu, nan tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Da ban yi niyyar rubuta komai ba. Baƙin da na yi makon jiya ne suka tayar mini da hankali. 'Yan kwamitin makarantar ne suka zo da goronsu da fara'arsu, wai za a yanka filin ƙwallon a gina shaguna, kuma don girmamawa za a sa wa shagunan sunan Malam. Wai albarkata suke nema.

To bari in gaya muku yadda aka sami filin nan, tunda na ga alama an manta.

Lokacin da aka turo mu, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, wurin tsohuwar gonar auduga ce, daga kunya sai kututture. Iyaye kuma ba su ɗauki ƙwallo a bakin komai ba. Akwai wani yaro Sule, daga wajen Danja, kaf makarantar ba mai gudunsa. Kaka na yi, ubansa Alhaji Mamman ya zo a kan keke ya tafi da shi ɗibar auduga. Malam ya bi su har gida.

"Malam, ƙwallo ba ta cika buhu," in ji Alhaji.

"Gaskiya ne, Alhaji. Nuna mini inda aikin ya tsaya."

Ranar Asabar ya kwashi 'yan wasansa duka, a ƙafa, suka yi wa Alhaji gayya. Kafin la'asar ba sauran fari a gonar. Daga nan abin ya zama ɗabi'a: duk uban da ya ba da ɗansa, gayya za ta je masa. Da rani ya yi, iyayen nan ne, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, suka zo da garmunansu suka baje kunyoyin, suka tumɓuke kututturan. Ni na dama musu kunu, har yau ina da tabon ƙunar a hannuna.

Makarantun birni suna yi wa yaran Malam dariya, wai ga 'yan gayya nan, ko takalmi babu. Haka 'yan gayyar suka riƙa ɗauko kofin lardi suna kawowa gida. Yaron da ya saba wuni yana tsallake kunya, ai ba ɗan birnin da zai gajiyar da shi.

Na yi ta tunanin abin da Malam zai ce da yana raye. Ba mai hayaniya ba ne, ni ce mai bakin gidan. Na san dai zai tambaya, yaran fa, a ina za su yi gudu? Shi na tambayi 'yan kwamitin da suka zo. Shugaban kwamitin ya ce, "Mama, zamani ya canja, makaranta tana bukatar abin shiga." Na dube shi da kyau. Wallahi ɗan Sule ne, har goshin. Na ce, "Je ka tambayi ubanka wa ya ɗebe audugar kakanka." Ya sunkuyar da kai.

Kofunan sun yi tsatsa, ban ma san ɗakin da aka jibge su ba, kuma ban damu ba. Abin da Malam ya bari shi ne filin nan, da yaran da nake hangowa kullum da yamma suna ta gudu a kansa, ba su ma taɓa jin sunansa ba. Hakan ya ishe shi, ni ma ya ishe ni.

Asabar mai zuwa ina filin da fartanyata, ciyawa ta cinye bakin raga. Na aika wa Sule, ya ce ko da sanda zai zo. Duk wanda aka taɓa yi wa ubansa gayya, ya san abin da ya kamace shi. Ku kuma 'yan kwamiti, ku nemi wani sunan ku manna wa shagunanku. Na Malam kam, ban ba ku ba.