Barnaba Zarami da Littafin da Babu Sunansa

Akwai wata 'yar igiyar fata da ke rataye a ƙusar ƙofar Malam Barnaba Zarami. Gumi ya mayar da ita baƙa. Kullum da safe in ya gama addu'a sai ya miƙa wa matarsa Auta hannun dama, ta ɗaura masa alƙalami a dungun da kuturta ta bar masa, ta ja ƙullin da haƙori. Daga nan ya zauna a gindin tsamiya yana koya wa majinyatan asibitin mishan karatu har rana ta take, da la'asar kuma ya yi nasa rubutun. Shekara ashirin da shida ke nan yana zaune a bayan garin Haɗeja, bai sake taka zauren gidan da aka haife shi ba.

Kawuna ne, wan mahaifiyata Yagana. Gidanmu masunta ne. An ce tun yana makarantar allo babu mai kyan rubutunsa a unguwa. Da ciwon ya bayyana aka ware masa ƙwarya da bukka, daga baya aka kai shi wurin Turawan mishan. A can ya zama Kirista. Ni Musulma ce, ban kuma zo yin gardamar addini ba. Abin da na sani shi ne dangi sun ce ya sayar da addininsa don allura. Amma ciwon ya mutu tun tuni, allura ta ƙare, kalma ɗaya zai furta a buɗe masa ƙofa, bai furta ba. Mahaifiyata takan ƙunsa busasshen kifi ta ba ni, ta ce, “Kai wa mutumin can.” Ba ta taɓa kiran sunansa na ji ba.

Waƙoƙin ibada yake rubutawa. Waɗanda ya tarar ana rerawa a majami'a muryar Turawa ce aka cusa wa Hausa, shi kuwa ya ɗora nasa a kan amon da masu jirgi ke tuƙi da shi. Baturen mishan na lokacin ya ce, “Barnaba, wannan waƙar masunta ce, ba ta ɗakin Ubangiji ba.”

“Ranka ya daɗe,” in ji Kawu, “ai a littafin da kuka ba ni, masunta aka fara kira.”

Shekara tara ya yi yana tarawa, har waƙa ɗari da arba'in, a cikin akwatin kwano a ƙarƙashin gado. Sai dai da tawadar da ya sani tun yana yaro ya rubuta su, ta baƙin tukunya da ƙaro, wadda ake yi wa allo don a wanke. Babu wanda ya ce masa akwai wata. Daminar da kogi ya cinye shinkafar fadama, ruwa ya kwana biyu a ɗakinsa. Da aka buɗe akwatin takardu na nan, ko ɗaya ba ta yage ba, amma babu harafi ko guda. Auta ta ce ɗaya bayan ɗaya ya riƙa ɗaga su a rana. Can ya yi dariya ya ce, “Auta, kogi ya wanke rubutun ya shanye. Allah ya ba shi lafiya.” Ta ce sati guda bai ci tuwo ba.

Kai ne ka sake farawa, Kawu. A shekarar ka rasa yatsu biyun da suka rage maka, a shekarar aka yanko igiyar nan. Ka bi majinyata gado gado kana roƙon waƙoƙinka daga bakinsu. Tukur makaho kaɗai ya mayar maka da talatin. Ka bar ajamin da ka gwanance ka koma boko, don an ce na'urar buga littafi ba ta san wani ba. Shekara bakwai. Mai alƙalami ba yatsa, wanda kogi ya kasa!

An aika da takardun wurin masu buga littafi, aka yi shekara uku shiru.

Watan jiya, a wannan shekara ta 1959 da kowa ke zancen mulkin kai, aka yi taron sallamarsa daga koyarwa a majami'a. Sabon Baturen mishan ya kwance ƙunshi ya miƙa masa littafi mai shuɗin bango. Kawu ya tallafe shi da dungu biyu, ya shinshina. Idonsa ya yi rauni, sai ya waiwayo.

“'Yar Yagana, ke da kika yi jami'a a Ibadan, zo karanta mini bangon.”

Na karanta sunan littafin. Na karanta sunan Baturen farko, wanda ya ce waƙar masunta ce, wanda ya koma ƙasarsu tuni.

“Saura,” in ji Kawu.

Na buɗe ciki. Akwai layi ɗaya da ƙananan baƙaƙe: an tattara daga bakin 'yan ƙasa.

“Saura.”

“Shi ke nan, Kawu.”

Tukur ya buga sandarsa a ƙasa. “Ina sunan Malam? Ko su ma ruwa ya ci tawadarsu?”

Baturen ya yi murmushi ya ce ɗaukaka duka ta Ubangiji ce.

“To, wancan na kan bangon,” in ji Auta, “sunan Ubangiji ne?”

Ni kuwa da aka kira don na yi ilimi, ina tsaye da littafin a hannu, bakina ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa na rubuta wannan.

Duk wanda littafin nan ya faɗo hannunsa, ya sani Barnaba Zarami na Haɗeja ne ya rubuta shi, sau biyu. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya sa sunan a bango da tawadar da ba ta wankuwa. Masu yatsu goma da ke cewa za su yi rubutu in sun sami sarari, su je su ga igiyar nan. Mu dangi kuma, ba sai mun bi addininsa ba kafin mu iya kiran sunansa.

Na gode, Kawu. Allah ya saka maka, tunda mutane sun kasa.

A ranar, don a rufe maganar Auta, Baturen ya ce a tashi a rera waƙa ta farko. Majami'a ta ɗauka gaba ɗaya, babu mai duba takarda, don kowa ya haddace ta tun kafin ambaliya. Kawu ya karɓi littafin daga hannuna, ya ajiye a kan benci, ya daidaita shi da dungunsa. Suna baiti na biyu ya zura takalmansa ya fita ta ƙofar baya, ya nufi bakin kogi.