Malama Nguavese da Lissafin Iska

A da, kowace safiya Malama Nguavese takan fito daga gidanta a Bukan Sidi ta shiga motar Agyaragu, ta isa makarantar sakandare tun kafin a buɗe ƙofa. A nan ta koyar da lissafi tun gashinta yana baƙi har furfura ta rufe shi.

Ɗalibanta ba sa manta shekarar da guguwar farkon damina ta yaye rufin ajinsu. Aka ce a sallami yara, ta ƙi. Ta tara su a gindin mangwaro, ta ɗauko fallen kwano biyu, ƙarami da babba, ta ba ɗalibai biyu, Juwairiya da Terseer, su riƙe su fuskanci iska. Babban ya kusa kai Terseer ƙasa.

"Kun gani?" ta ce. "In faɗin kwano ya ninka biyu, bugun iska ya ninka biyu. In gudun iskar ne ya ninka biyu, bugun ya ninka huɗu. To in duka suka ninka fa?"

"Takwas, Malama!" in ji Juwairiya.

Yau Terseer walda yake yi a Obi. Ya ce mini, "Wallahi ba na haɗa ƙarfen rufi ban tuna Mama Nguavese ba. Ban taɓa zuwa gaishe ta ba, kullum ina cewa gobe."

Ba shi kaɗai ba ne. Malama ta yi ritaya bana ba tare da ko taron sallama ba. Ciwon ido ya daɗe yana cin ta, tana ɗaga zuwa asibiti saboda jarrabawar yara ta matso, har likita ya ce an makara, ta rasa ganinta.

Da na ziyarce ta, ba ta yi maganar idon ba. "Ɗana, an turo wa ajin nawa wani malami?" ta tambaya.

Na ce ba a turo ba.

Mama, ke ce uwar lissafin Agyaragu. Kin ba ’ya’yanmu ganinki, mu kuwa muka makara da godiya. Mun gode, ki yafe mana.

Ku matasan da kuka karanta lissafi kuke zaune a Lafiya, yaran nan na can Agyaragu suna jiran malami. Wani ya tashi ya tafi, don mu samu labarin da za mu kai mata.