Tukunyar da Aka Wanke Mini

Mu Maguzawa ne a lokacin, kuma a wajenmu mace ba ta cika mace ba sai ta iya dafa giya. Na daɗe da musulunta, rabona da giya har na manta, amma haushin da zan ba da labarinsa bai sake ni ba har yau.

An kawo ni aure ƙasar Kibiya daga wani ƙauye da ke bayan duwatsun Rano. Cikin kayan aurena akwai wata tsohuwar tukunya da mahaifiyata ta ba ni, baƙa, bakinta da ɗan ɓalli. Ba a wanke irin wannan tukunya. Ragowar da ke kwance a gindinta ita ke tayar da sabuwar giya, ita ke ba ta ɗanɗanon gidan da ta fito. Tamu fara ce, da tsiron farfara ake yin ta, a tace ta har sai ka hango gindin ƙwarya. Tana da ƙanshi, da ɗan ɗaci a ƙarshe wanda ke wanke baki. Mutanen gidan mijina kuwa ja suke sha, mai kauri da tsami, wadda a ganina da ita da kunu duk ɗaya.

A garin akwai al'ada. Duk wanda zai kira gayya a gonarsa, sai matarsa ta fara aika ƙwarya wajen wasu tsofaffi uku da ke zama gindin ɗorawa. Su ɗanɗana, su faɗi abin da suka ji, samari kuma su saurara. In sun yaba, gona ta cika da fartanya. In sun taɓe baki, kowa sai ya tuna yana da ciwon baya. Babbansu ƙanen kakan mijina ne, dogo, haƙorinsa ɗaya, kowa Baba yake ce masa.

Daminar da nake magana a kai, Turawa ba su daɗe da zuwa ba, an kwashi maza aikin hanya, har da mijina. Ya dawo a rame, ciyawa ta riga ta fi dawarmu tsawo. Ba mu da wata dabara sai gayya. Na yi tsiro, na dafa, na zuba a tukunyar gidanmu, ta tashi da kumfa fari tas. Na ɗanɗana na ji kamar ina tsakar gidan mahaifiyata. Na ɗauki ƙwarya da kaina na kai.

Na tarar matar maƙwabcinmu ta riga ni, su ma gayya suke so. Aka ajiye ƙwaryata kusa da tata. Baba ya fara da tata, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗaga tawa ya karkata ta wajen haske.

Ya ce, "'Yar Rano, wannan ruwan wanke tsiron ne, ko giyar tana tafe a baya?"

Na ce, "Baba, ka sha tukuna."

Ya sha. Ya juya ta a baki, ya haɗiye, har na fara sa rai. Ya sake sha, ya miƙa wa na kusa da shi. Wannan ya ce ɗaci, na ukun ya ce ba ta riƙe ciki. Baba ya karɓe ƙwaryar ya shanye sauran, ya goge baki ya ce ba laifi, amma ba giyar noma ba ce. Ta maƙwabciyata kuwa, da suka yi ta yabo, rabi suka bari.

Ranar gayyarmu mutanen da suka zo ba su fi a zaunar da su a tabarma ɗaya ba. Na zauna gefen gona da randa cike, raina ya ɓaci har ba na iya amsa gaisuwa.

Surukata, mace mai kirki, ta same ni a madafa ta ce, "'Yata, ki karɓi ragowar tukunyata ki zuba. Ba wanda zai sani."

Na ce, "Inna, a bar ni in sake gwadawa. Bakinsu ne bai saba ba."

Na sake gwadawa. Na ƙara tsiro, na rage tacewa kaɗan, amma ban taɓa tukunyar ba. Baba ya sake shanye ƙwarya, ya sake cewa ba laifi. Na tsaya a gabansa ina kallon ƙwaryar da ya lashe, na rasa abin da zan yi da tsohon nan. Mutum ya sha abu har ɗigon ƙarshe, sannan ya ce bai yi ba.

Ana cikin haka aka aiko mahaifina ba lafiya, na tafi gida na kwana biyu. Da na dawo, na hango tukunyata a kife a rana. Surukata ta goge ta da toka da yashi, ta ƙona cikinta da kara, ta yi fes. Ta fito tana murmushi, ta ce ta ga nauyin abin ya yi mini yawa, sai ta sauƙaƙa mini. Na sa hanci a ciki, ba abin da na ji sai hayaƙi. Ba halin in yi faɗa da wadda ta yi mini alheri, sai na shiga ɗaki na yi kukana.

Da ragowar tukunyarta na yi ta gaba, da jar dawa. Ta fito ja, mai kauri. Baba ya kurɓa sau ɗaya ya ce, "To, yanzu 'yar Rano ta zama tamu." Gona ta cika, aka nome ta kafin rana ta karkata, muka sami abin da muka ci a shekarar. Kowa ya yi murna, ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Na yi niyyar in na je gida in ɗebo ragowar tukunyar mahaifiyata. Yau haihuwa, gobe girbi, ban samu zuwa da wuri ba. Kafin in je, gidanmu duka sun musulunta, yayana ya fasa tukwanen giya ya zubar da su bayan gari. Mahaifiyata ba ta daɗe ba ta rasu.

Bayan shekaru Baba ya kwanta ciwo, ba ya iya cin komai. Ya aika a kira ni. Na durƙusa bakin ƙofa na gaishe shi.

Ya ce, "'Yar Rano, farar nan da kika zo da ita. Ita kaɗai raina ke so. Ki yi mini ko ƙwarya ɗaya."

Na ce, "Baba, wadda ka ce ba giyar noma ba ce?"

Ya ce, "To ai ba ita ba ce. In da na yaba, duk matan garin nan sai su ji kunya, har da matata. Amma ban taɓa shan kamarta ba."

Na daɗe a durƙushe ina kallon haƙorin nan nasa guda ɗaya. Sannan na gaya masa babu ita, ba a gidana ba, ba a Rano ba. Ya ce in gwada dai. Na gwada da farfara mai kyau, na tace har na hango gindin ƙwarya, na kai masa. Ya kurɓa, ya ture ta gefe, ya ce ba ita ba ce.